Yini ɗaya a Napoli: kangon Pompei ko gidan tarihi?

Sadauki_Brescia:
Assalamu alaikum jama'a. Wata hidima za ta kai ni Napoli ƙarshen watan nan, kuma ranar Asabar hannuna sake yake. Uwargida da yara za su bi ni. Wani Ba'italiye da muke aiki tare ya ce lallai in je Pompei, garin nan da dutse ya yi aman wuta ya binne. Wani kuma ya ce wahalar da ƙafa ce kawai, tunda duk wani abu mai kyau an kwashe shi an kai gidan tarihin da ke cikin Napoli. Taura biyu ba ta taunuwa. Waɗanda suka taɓa zuwa, wanne zan ɗauka?

Ɗan_Zongo_Caserta:
Wa alaikumus salam. Pompei mana. Gumaka za ka je kallo a ɗaki, ga gari sukutum da titunansa?

Malam_Na_Tarihi:
Ɗan_Zongo, ka yi saurin yanke hukunci. Sadauki, mutumin na biyu da gaskiyarsa. An fara haƙa a Ercolano, wani gari da dutsen ya binne tare da Pompei, a 1738, a Pompei kuma a 1748, zamanin sarki Carlo na gidan Borbone. Masu haƙan farko ba ruwansu da barin abu inda suka same shi. In sun ga zane mai kyau a bango sai su yanke bangon su ɗauke, in daɓen tsakuwa ne su ɓamɓare shi. Abin da aka tara haka shi ne yau ke cikin gidan tarihin Napoli. Saboda haka a Pompei za ka ga soro da tsakar gida da rijiya, amma tukunyar da aka yi girki da ita, da fitilar, da sikelin ɗan tireda, da azurfar maigidan, yawancinsu suna Napoli.

Ni ɗakunan kayan amfanin yau da kullum ne suka riƙe ni, manyan mutum-mutumin marmara kuwa na wuce su da sauri. Akwai kayan aikin likita na tagulla, su almakashi da hantsaki da wuƙaƙen fiɗa, waɗanda in ka ajiye su gaban likitan yau zai gane amfanin kusan kowanne. Akwai makullai da kwado, akwai matata, akwai fitilun mai da ba su da maraba da aci-balbal ɗin da kakanninmu suka kunna. Mutanen da suka mutu a shekara ta 79 miladiyya ke nan fa.

Hajiya_Maimasa:
Malam, ka manta burodin! Wallahi da na gan shi sai da tsikar jikina ta tashi. Zagayayye ne, an tsattsaga shi gida 8 tun kafin a gasa don ya yi sauƙin gutsura, ya zama gawayi baƙi ƙirin amma siffarsa na nan. Wani ma da tambarin bawan da ya kwaɓa shi a sama, sunansa Celer. Ga dabino, ga ɓaure, duk sun ƙone sun tsaya yadda suke. Ni da sana'ata ta kwaɓa da suya ce, na daɗe a tsaye ina tunanin wanda ya tashi da asuba ya hura wuta, yana lissafin cinikin da zai yi ran nan.

Ɗan_Zongo_Caserta:
To Hajiya, ai tanderun da aka gasa irin wannan burodin yana Pompei. Za ki shiga gidan burodin da ƙafarki, ki ga duwatsun niƙa da jakuna ke juyawa. A wani gidan burodi guda 81 aka tarar a cikin tanderu. Shi ya sa na ce gari ya fi.

Hajiya_Maimasa:
Ɗana, tanderu babu burodi ai rami ne.

Injiniya_Bako:
Ni ina bayan Ɗan_Zongo, amma da nawa dalilin. Abin da gidan tarihi ba zai taɓa nuna maka ba shi ne tsarin gari. Titunan Pompei an shimfiɗe su da manyan duwatsu, kuma har yau ana ganin kwarmin da ƙafafun amalanke suka ci a jikinsu. A tsakiyar titi akwai duwatsun tsallakawa masu tudu, don mai tafiya ya haye ba tare da ya taka ruwa da ƙazanta ba, an bar rata tsakaninsu daidai yadda amalanke zai wuce. Ruwa kuma ta kwata aka jawo shi daga duwatsun Serino, ya shigo wani ɗakin rarrabawa a mafi tudun gari, daga nan bututun dalma su kai shi famfunan mararraba. Kusan duk inda kake a garin, famfo na kusa da kai. Wanda ya san abin da ake biyan mai ruwa a unguwarsu zai tsaya ya yi shiru a gaban famfunan nan.

Abu_Sumayya:
'Yan uwa, kafin a yi nisa. Ya halatta ma a je irin wurin nan? Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa a hanyar Tabuka, da aka iso Hijr, garin Samudawa, Manzon Allah (SAW) ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halakar sai suna kuka, ya kuma gaggauta wucewa. Mu kuma za mu kwashi iyali mu je ɗaukar hoto?

Alaramma_Gwale:
Allah ya saka da alheri Abu_Sumayya, tambaya ce a wurinta. Sai dai Samudawa nassi ne ya ce an halakar da su saboda ƙaryata Annabi Salihu. Mutanen Pompei ba mu da nassi a kansu, kuma ba kowane gari da ambaliya ko girgizar ƙasa ta ci ba ne za mu buga masa hatimin azaba da bakinmu. A ɗaya ɓangaren kuma Alƙur'ani ya maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Abin da nake gani shi ne niyya da ladabi. Wanda ya tsaya kusa da siffar mamaci yana washe baki ana ɗaukarsa hoto, wannan ko ba a kawo hadisi ba bai kyauta ba. Sadauki, ka tambayi malamin da ka natsu da shi a can.

Abu_Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma ni dai raina bai kwanta ba, musamman da abin da ake cewa an samu a garin na fasadi.

Ummu_Khalil:
A kan wannan gaɓar, Sadauki ka gaya wa uwargida tun a gida. A gidan tarihin akwai wani sashe da suke kira ɗakin sirri, inda aka tara zane-zane da sassaƙe na batsa da aka samo a garuruwan biyu. Shekaru da yawa a kulle yake, sai a 2000 aka buɗe shi ga kowa. Yana da ƙofarsa daban, kuma ba a barin ƙananan yara su shiga su kaɗai, don haka kauce masa ba wuya. Matsalar ita ce benen ƙasa. Kana shiga za ka ci karo da mutum-mutumin marmara tsirara, manya-manya, babu hanyar kewaye su. Ƙaramin ɗana ya tambaye ni da ƙarfi me ya sa ba a saya musu wando ba. Wata tsohuwa Baturiya da ba ta jin Hausa ma sai da ta yi dariya, don yatsansa ya riga ya fassara mata.

Sadauki_Brescia:
Anti Ummu_Khalil, kin taimake ni. Nawa babban shekararsa 11, bakinsa kuma ba linzami.

Malam_Na_Tarihi:
Waɗancan na benen ƙasa ma yawancinsu ba daga Pompei suke ba. Tarin gidan Farnese ne, daga birnin Rum. Ƙaton nan Hercules da ya jingina da kulkinsa, mai tsawon sama da mita 3, da kuma babban sassaƙen bijimin da ake kokawa da shi, an tono su ne wajen 1545 zuwa 1546 a gidan wankan sarki Caracalla. Sarki Carlo ya gaje su ta wajen mahaifiyarsa, Elisabetta Farnese, daga baya aka kwaso su zuwa Napoli. Ga abin da zai ba ku sha'awa: uban Caracalla, wato Septimius Severus, wanda ya mulki daular Rum daga 193 zuwa 211, ɗan Afirka ne. A Labda, cikin Libiya, aka haife shi.

Tsohon_Ɗan_Libiya:
Labda! Malam ka taɓo ni. Na yi aikin gini a Khums shekarun baya, kangon garin yana nan gefenta a bakin teku, gabas da Tarabulus. Turawa na ce masa Leptis Magna. Ran Juma'a bayan an sauko mukan je mu zauna a matattakalar gidan wasan, iska na kaɗawa, ba kowa sai mu da 'yan tsirarun iyalai. A kasuwar garin akwai wani dutse da aka sassaƙa ma'aunin tsawo a jikinsa, don mai saye ya gwada in yana zargin an tauye shi. Mu magina abin da muke kallo shi ne yadda aka haɗa dutse da dutse, ko wuƙa ba za ta shiga tsakani ba. Ban je Pompei ba, amma da wuya ta fi Labda kwarjini.

Injiniya_Bako:
Baba, kwarjini kam Labda ta fi, don birnin sarki ce, an zuba mata marmara. Pompei matsakaicin gari ne na 'yan kasuwa da manoman inabi. Darajarta ita ce yadda toka ta rufe ta rana ɗaya, komai na wurinsa. Labda kuwa a hankali ta mutu, rairayi ya cinye ta, mutane suka yi ta ɗiban duwatsunta. Har Faransa an kai ginshiƙanta zamanin Louis na 14, wasu kuma suna tsaye yanzu haka a wani lambun masarautar Ingila kusa da Windsor.

Yar_Damagaram:
Tambaya daga ɗaliba. Waɗannan su ne Rumawan da ke cikin Suratur Rum?

Alaramma_Gwale:
'Yata, daula ɗaya ce ta asali amma zamani ya raba su. Na cikin surar su ne na gabas, masu hedikwata a Ƙusɗanɗiniyya, Istanbul ta yau, kuma Nasara ne. Farisa ta ci su har ta karɓe Ƙudus a 614, sannan sarkinsu Hiraƙal ya juya yaƙin ya yi nasara zuwa 628. Mutanen Pompei sun riga wannan da fiye da shekara 500, kuma gumaka suke bauta wa.

Amanar_Agadas:
Tunda an shigo Afirka, bari in sa baki. Rumawa har ƙasarmu sun zo. Na ji an ce sun kai tafkin Chadi.

Malam_Na_Tarihi:
Amanar, a sassauta. Abin da ke rubuce shi ne Ptolemy, masanin labarin ƙasa na zamanin Rumawa, ya ambaci wani Julius Maternus da ya tashi daga Labda, ya bi sarkin Garamantawa tafiyar wata 4 kudu, suka isa wata ƙasa Agisymba inda karkanda ke taruwa. Ina ce Agisymba? Wasu masana sun ce Tibesti, wasu Ayar, wasu yankin tafkin Chadi, ba a daidaita ba. Abin da ƙasa ta tabbatar shi ne a Jarma, babban garin Garamantawa, cikin Fezzan ta Libiya, an tono tuluna da gilasan Rumawa masu yawa, kuma a kabarin Tin Hinan a Abalessa, kudancin Aljeriya, wanda aka buɗe a 1925, an samu kaya masu alaƙa da Rum. Kaya sun ratsa hamada ta hannun 'yan kasuwa. Wannan daban ne da a ce rundunar Rum ta sauka Agadas.

Amanar_Agadas:
To ai ka ce Ayar na cikin zaton. Ni na riƙe wannan.

Kande_Mai_Lissafi:
Kun bar bawan Allah a tasha kun tafi hamada. Sadauki, ga abin da ya shafi aljihu da ƙafa. 'Yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin shiga, a gidan tarihin da Pompei duka, amma ka riƙe takardunsu. Gidan tarihin ba ya buɗewa ran Talata, Asabar lafiya lau. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 1 yana da tasha mai suna Museo, a bakin ƙofar take. Pompei kuwa sai ka hau jirgin ƙasan Sorrento daga tashar Garibaldi ka sauka Pompei Scavi, tafiyar ta haura rabin awa. Garin kadada 66 ne, inuwa kaɗan ce, duwatsun titin kuma ba su da kirki ga keken jariri. Tun ƙarshen 2024 sun ƙayyade masu shiga zuwa 20,000 a rana, don haka ka sayi tikiti ta intanet. In Lahadin farkon wata ta kama ku shiga kyauta ne, amma cunkoson ranar sai mai haƙuri.

Ɗan_Zongo_Caserta:
Ƙari kan na Kande: a kula da abin da ake saya a bakin titi. Taralli, wani irin biskit na Napoli, da kitsen alade ake yin su, haka soyayyiyar fiza sau da yawa akwai naman alade a cikinta. Margherita dai tumatir ce da cuku. Wajajen Garibaldi akwai wuraren halal da masallatai.

Dakta_Fati:
Ba wanda ya yi maganar abin da ya fi tsaya wa mutane a rai, wato siffofin mamatan, kuma waɗannan a Pompei suke. Mutane da yawa suna zaton gawa ce ta zama dutse. Toka ce ta daskare a jikin mutum, naman ya ruɓe ya bar kogo. A 1863 Giuseppe Fiorelli ya fara ɗura ruwan filasta a cikin kogon, in ya bushe a fasa tokar, sai ga mutum yadda ya faɗi, har da naɗin tufafinsa da igiyar takalminsa. Ƙasusuwan suna ciki. A wani lambu akwai mutum 13 a jere, manya da yara. Akwai kuma wani babba da yaro a cinyarsa, da munduwar zinariya a hannu, shekara da shekaru masu yi wa baƙi jagora suna cewa uwa ce da ɗanta. Binciken ƙwayoyin halitta da aka fitar a 2024 ya nuna namiji ne, kuma ba su haɗa jini da yaron ba. Sadauki, ka auna ko naka yaran za su iya kallon wannan. Wasu yaran ko a jikinsu, wasu kuma sai sun yi mafarki.

Abu_Sumayya:
Kun ji ko? Ƙasusuwan mutane a cikin gilashi ana biyan kuɗi a kalla. Ɗan Adam a rufe shi ake yi.

Dakta_Fati:
A wannan kam ban ƙi ta taka ba, Abu_Sumayya. Su kansu masu aikin tono suna jayayya a kai.

Yar_Damagaram:
Ba wanda ya tsira ne?

Malam_Na_Tarihi:
Da yawa sun tsira. Gawarwakin da aka samu a Pompei sun ɗan haura 1,000, garin kuwa ana ƙiyasta mutanensa da 10,000 ko fiye, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin uku ba a tone ba tukuna. Dutsen Vesuvio ya fara da ruwan tsakuwa mara nauyi na sa'o'i, masu gudu suka gudu. Waɗanda suka ce bari a fake a ɗaka har ya lafa, su ne guguwar toka mai zafi ta riska washegari da safe. Mun san yadda abin ya faru ne daga wasiƙu biyu da Pliny ƙarami ya rubuta wa marubucin tarihi Tacitus. Yana ɗan shekara 17 ya hango abin daga Miseno, tsallaken ruwa. Kawunsa, wanda ke jagorantar jiragen yaƙin ruwa, ya tafi ceto ya rasu a gaɓar Stabia.

Bakano_Sak:
Ni duk wannan hira haushi take ba ni. Mutum nawa a nan ya taɓa shiga Gidan Makama? Ga shi nan a gaban gidan Sarki. Badala muna kallo ana sare ta ana buga bulo. Kayan Nok tun 1928 aka fara tono su, suna gidan tarihin Jos, amma sai Bature ya zo ya tambaye mu hanya.

Yar_Damagaram:
Yaya Bakano, mu dai a Yamai ana zuwa gidan tarihin Boubou Hama sosai, musamman da salla.

Amanar_Agadas:
Zakuna da dorina ake zuwa gani, ƙanwata, faɗi gaskiya.

Yar_Damagaram:
Ko ma mene ne, ai ta gaban ƙasusuwan dinoso ake wucewa.

Hajiya_Maimasa:
Bakano, ba ka yi ƙarya ba, amma ganin na wasu ne ya sa na fara kallon namu. Da na dawo daga Napoli na hana a zubar da tsohuwar tandar kakata ta ƙasa.

Injiniya_Bako:
Sadauki, ga wata shawara ta uku. Ercolano ta fi kusa da Napoli, ƙarama ce, awa 2 zuwa 3 ta ishe ka. Can abin da ya rufe garin ya kai kaurin mita 20, shi ya sa benaye suka tsaya, har katakon ƙofa da gado suna nan sun zama gawayi. A rumfunan jiragen ruwa na bakin tsohuwar gaɓa an samu ƙwarangwal kusan 300 na waɗanda suka taru suna jiran a kwashe su. Ka yi Ercolano da safe, ka dawo gidan tarihi bayan azahar.

Kande_Mai_Lissafi:
Da yara biyu? Injiniya, kai ba ka taɓa goyo ba ne. Kafin la'asar an fara kuka.

Malam_Na_Tarihi:
In kun shiga gidan tarihin, ku nemi zanen Terentius Neo da matarsa, shi riƙe da naɗaɗɗiyar takarda, ita da alƙalami a leɓe da allon rubutu a hannu, suna kallonka ido cikin ido. Sai daɓen yaƙin Iskandar da Dariyus sarkin Farisa, wanda aka tono a 1831, tsawonsa ya kusa mita 6, an jera shi da ƙananan tsakuwa fiye da miliyan. Tun 2021 aka shiga gyaransa, don haka a duba shafinsu a ga ko an mayar da shi. Wanda ke shimfiɗe a Pompei kwafi ne.

Ɗan_Zongo_Caserta:
Kwafi ne, amma a ƙasa yake inda maigidan ya taka shi. Na Napoli a bango aka rataye shi sama da shekara 100.

Sadauki_Brescia:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa mutanen gida duka. Uwargida ta ce burodin Hajiya take son gani kuma ba za ta yi yawon rana ba. Babban ya ce shi mutanen filasta. Ƙaramar ta ce fiza. Ni kuma famfunan Injiniya sun shiga raina. Abu_Sumayya, zan yi wa limaminmu maganar ran Juma'a in sha Allah.

Kande_Mai_Lissafi:
Ku rabu biyu mana, ku haɗu a Garibaldi da yamma.

Ummu_Khalil:
Kande, ki bar matar mutane ita kaɗai da yarinya a Napoli, ba ta jin Italiyanci? Sadauki, uwargida tana ji kuwa?

Sadauki_Brescia:
Ta fi ni ji, Anti. Ita ke cike mana takardun makaranta.

Tsohon_Ɗan_Libiya:
Duk wanda ya je Pompei a cikinku ya ɗauko mini hoton haɗin duwatsun ganuwar, daga kusa. Ina so in gwada da na Labda.